Yawon daji da na abinci a Zanzibar: abin da na ji daɗi da abin da ya ɓata man rai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da munka dawo Sakkwato ake ta tambayata a WhatsApp kan hotunan birai da na kayan ƙamshi da na ɗora, wai ina ne wurin, su wa sunka kai mu, nawa munka biya, kuma ko wuri ne da mace mai hijabi za ta shiga hankalinta kwance. Na gaji da amsa ma kowa ɗai-ɗai, bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta.

Zanzibar ne, tsibiri cikin tekun Indiya, ɓangaren ƙasar Tanzaniya. Maigida ne aiki ya kai Darussalam cikin watan Janairu yac ce in biyo shi in ya gama mu ƙetara mu yi kwana huɗu, daga Darussalam jirgin ruwa ne kamar awa biyu. Biza tun muna gida munka nema ta intanet don ɗan Najeriya ba a ba shi a filin jirgi, kuma ba ta fitowa da wuri, kada ku bari sai tafiya ta matso. Ku riƙe katin allurar shawara, sannan akwai inshora ta dole da gwamnatin Zanzibar ta sa ma baƙi tun Oktoban 2024, dala 44 kowannenmu munka biya. Wanga ke nan a taƙaice, ba shi na zo faɗi ba.

Wanda bai san ni ba, ni sana'ata yaji da turaren wuta da humra, shekara 14 ina yi a Mabera, kanumfari da citta da masoro da kimba da kirfa da tiya nike awonsu a Tsohuwar Kasuwa, hannuna ko na wanke ƙamshinsu bai fita. Shi ya sa da Maigida yag ga tallan wani kamfanin yawon buɗe ido mai kai mutane daji da gonar kayan ƙamshi da yawon cin abincin gari, bai ma tsaya shawara ba ya biya muna. Tsarin kwana biyu ne, rana ta farko daji da safe gona da rana har da abinci, rana ta biyu kuma yawon abinci cikin tsohon garin tun daga La'asar har dare. Dala 65 kowannenmu munka biya bayan ya nemi ragi. Ba ni faɗin sunan kamfanin tunda akwai ƙorafi cikin maganata, kuma irinsu sun yi yawa a garin, duk kwanar da ka sha sai wani ya tare ka da takardar talla.

Safiyar farko ba ni da abin cewa, bakwai na safe mota na ƙofar otal, da sanyinta, da ruwan gora. Jagoranmu dattijo ne da zai kai hamsin da wani abu, farar riga da hula mai zane irin tasu, yay yi muna sallama cikakka yac ce da ni Mama, Maigida kuma Shehe, mu kuma munka riƙa ce mai Malam har munka rabu. Tun cikin mota ya gargaɗe mu kan agogonsu, su da Sawahilanci bakwai na safe ita ce ƙarfe ɗaya don daga fitowar rana suke fara ƙirga, in za ka yi alkawarin lokaci da direba ka rubuta mai a waya da lamba.

Dajin sunanshi Jozani, kamar kilomita 35 daga gari, an mai da shi gandun daji na ƙasa a 2004 kuma shi kaɗai gare su mai wanga matsayi. Mu da munka baro hunturu, ƙura ta rufe Sakkwato leɓe na tsagewa, sai ga mu cikin kurmin da ko rana ba ka gani sosai sabo da ganye. Zafin can daban ne da namu. Namu na watan Afrilu ƙuna ce busassa, zufa na fitowa iska na shanye ta, nasu kuwa jiƙa ne, zufa ta zubo ta zauna maka a jiki, minti 20 da fara tafiya hijabina ya manne man a baya. 'Yan uwa mata ku sa hijabi na auduga marar nauyi wanda bai jan ƙasa, da kambas da safa, don ƙasar wurin duwatsun murjani ne masu kaifi a ƙarƙashin ganye ga kuma jijiyoyin icce sun gitta ko'ina, na ga wata baturiya da silifas tana ɗingishi kafin a kai rabi. Tafiyar kanta ba hawa ba gangara, Innata ma da sandarta za ta iya rabin farko, Malam kuma bai gaggauta kowa, kalmarshi guda pole pole, wato sannu-sannu.

Nan na gane aikin jagora. Da mu kaɗai munka shiga da icce kawai za mu gani mu fito, shi kuwa kowane taki goma sai ya tsaya, ya tsinko ganye ya murza ya ba ka ka shinshina, ya ce wanga kakarshi na dafa shi in mace ta haihu, wancan ɓawonshi ake jiƙawa don ciwon ciki, wanga icce da shi ake sassaƙa kwalekwale. Ya ɗaga wani ruɓaɓɓen reshe da sanda ya nuna muna ƙadandoniya mai tsawon tafin hannuna, yac ce kada in ji tsoro ba ta cizo.

Sai birai. Jan biri ne da duk duniya babu irinshi sai a Zanzibar, bayanshi ja kamar an shafa lalle, fuska baƙa, ga farin gashi ya tashi tsaye a goshi kamar tsohon da ya tashi daga barci, leɓe da hanci kuma ruwan hoda. Ƙidayar da anka yi ta nuna ba su kai 6,000 ba. Munka same su garke guda a bakin daji kusa da gonaki, wata uwa na zaune kan reshe bai fi taki huɗu da ni ba, ɗanta ya maƙale mata a ciki tana tsinkar ɗanyen ganye tana ci ko kallonmu ba ta yi. Malam yac ce in dubi hannunta da kyau, sai nig ga yatsu huɗu ne dogaye, babban yatsan ɗan dungu ne kawai. Abin da yaf fi ba ni mamaki shi ne suna cin gawayi, har sata suke zuwa inda ake ƙona shi, don ganyen mangwaro da na wani icce mkungu da suke ci na da guba mai ɓata ciki, gawayin ke kashe ta. Nan take na tuna Inna na daka gawayi ta ba yaro in ya sha abin da bai kamata ba. Mutanen ƙauyukan da suna ce masu kima punju, birin guba, suna kashe su don suna ganin suna ɓata masu itatuwa, yanzu ana ba ƙauyukan kaso daga kuɗin shiga, har an yi tudun rage gudu a kan titi don motoci sun sha take su. Doka ce ba a matsawa kusa da su ƙasa da mita uku kuma ba a ba su abinci, don mura ma ta ɗan Adam na kama su. Wani saurayi cikin wasu baƙi ya miƙa ma ɗaya ayaba don ya ɗau hoto, Malam ya daka mai tsawa duk da ba baƙonshi ba ne, kuma tun daga nan ya ƙara girma a idona.

Daga nan anka ƙetara titi zuwa wata doguwar gadar katako da ta ratsa cikin itatuwan da ke tsaye cikin ruwan gishiri, mikoko suke ce masu, jijiyoyinsu a waje kamar sun yi ƙafafu. Ruwa ya janye lokacin, taɓo baƙi cike da ƙananan ƙaguwa masu hannu ɗaya babba suna shiga rami suna fita. Yac ce da sandunan wanga icce anka yi rufin ɗakunan tsohon gari, tsawon sandar shi ke yanke faɗin ɗaki, Maigida yac ce ai azara ke nan, haka giginya ke yi muna a ginin ƙasa, sunka tsaya su biyu suna ta kwatance da hannu.

Azahar munka yi a wani ƙaramin masallacin ƙauye a hanyar gona, ba mu ma roƙa ba shi da kanshi yas sa direba ya tsaya, ya kira wata mata ta kai ni bayan gidanta na yi alwala ta shimfiɗa man tabarma. Kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, matansu da lulluɓi, babu wanda ya kalle ni sau biyu.

To gonar. Wallahi 'yan uwa shekara 14 ina daka kanumfari ban taɓa sanin fure ne ba. Na ɗauka wani ɗan icce ne ko ƙaya. Malam ya ja ni ƙarƙashin wani dogon icce mai ganye mai sheƙi ya janyo reshe, sai ga su cunkus a baki, tsanwa-tsanwa wasu sun fara ja, tohon fure ne da bai buɗe ba, ɗan ƙulƙulin kan nan da muke gani shi ne furen a dunƙule. Kafin ya buɗe ake hawa a tsinke da hannu, in ya buɗe ya tashi aiki, sai a shanya a tabarma kwanaki har ya yi duhu. Na ɗauki ɗanye guda na tauna, yaji ya cika man baki harshe ya mutu kamar an yi man allurar cire haƙori, ƙwalla ta zo man, kuma ba don yajin kaɗai ba, na tuna Inna da ta koya man sana'ar ga ba ta taɓa ganin wanga ba. Yac ce su karafuu suke cewa, da namu da nasu duk daga ƙaranful na Larabci ne. Asalin iccen daga tsibiran Maluku na Indonesiya yake, Sarkin Oman Sayyid Sa'id ne da ya mai do da fadarshi daga Maskat zuwa Zanzibar a 1840 ya matsa ma masu gonaki su dasa shi, Maigida yac ce wato shekara uku bayan rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke nan. Malam bai ɓoye ba, yac ce bayi ne sunka yi wahalar gonakin, kuma yau mafi yawan kanumfarin daga tsibirin Pemba yake fitowa, gonakin nan na kusa da gari rabinsu don baƙi ake riƙe su.

Kirfa kuwa icce guda ƙamshi uku. Ya fere ɓawo da wuƙa, kirfar da muka sani, ya murza ganyen sai ya yi ƙamshi kamar kanumfari, ya tono 'yar saiwa ya kankare sai ga warin Robb sak. Masoronsu yaɗo yake yana hawa jikin wani icce kamar yadda soso ke hawa danga, kuma da baƙin da farin duk ɗiyan abu guda ne, lokacin tsinka da yadda aka gyara ne ya bambanta. Gyaɗar ƙamshi cikin wani ɗa take mai kama da gwaiba, ya tsaga shi sai ga ƙwallon nannaɗe da wata jar raga kamar an saƙa da zare, ita ma ragar kayan ƙamshi ce mai zaman kanta. Ya nuna muna vanila da sai mutum ya bi furen ɗai-ɗai da tsinke ya haɗa shi da hannu, da iliki wanda alhazai sunka sani cikin gahawar Makka, da kurkur da ya rina man yatsu har washegari. Ni kuma na tambaye shi kimba, na kwatanta na kwatanta bai gane ba, sai na tuna ina da 'yar robar yajina cikin jaka don ba ni tafiya ba shi. Ya lakata ya ɗanɗana, ya yi shiru, ya fara lissafo abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, citta, kanumfari, barkono, masoro, ya tsaya yac ce Mama akwai abu biyu da ban sani ba. Kimba ce da ƙuli-ƙuli. Na bar mai robar.

Abincin rana a tabarma anka ci, shinkafa pilau da ta sha kayan ƙamshi, kifi cikin miyar madarar kwakwa, da ganyen rogo dakakke shi ma da kwakwa. Da daɗi da tsabta, amma ba yaji ko kaɗan, bakin Basakkwace zai ji kamar ba a gama ba.

Yanzu ƙorafi. Tun shigarmu gonar wasu samari uku sunka biyo mu, wanga ya saƙa man jaka da ganyen kwakwa, wancan ya ɗora ma Maigida hula, ɗaya ya hau kwakwa yana waƙa, ba wanda ya tambaye mu ko muna so. Da za mu fita kowa ya tsaya yana jiran nashi. Ni ba na ƙin ba yaro abin hannu, sun yi wahala kuma da ganinsu ka san da shi suke ci, amma kamfani ya rubuta muna cewa kuɗinmu ya haɗa komi da komi, ya kamata su faɗa tun farko mutum ya tanadi canjin shilin, mu sai da Maigida ya ba da babbar takarda don kunya. Sannan teburin saida kaya na bakin ƙofa tsada gare shi ƙwarai, 'yar leda da ba ta cika tafi ba kuɗinta ya kusa na rabin kilo a kasuwa. Har da wani jan abu wai za'afaran, Malam ya matso yac ce man a hankali Mama ba a noma za'afaran a tsibirin ga, ki bari gobe in kai ki kasuwar Darajani.

Goben ce ta fi ɓata man rai. An ce ƙarfe huɗu, munka yi La'asar munka zauna ƙofar otal har biyar da rabi, Maigida ya kira ofis ya fi sau biyar, a ɗauka a ce yanzu-yanzu. Ashe sun haɗa mu da wasu baƙi shida da jirginsu ya makara, alhali mun biya na mu biyu ne. Malam ya iso yana ta ba da haƙuri kan laifin da ba nashi ba, ya raba tafiyar ya tura su da wani yaronshi don su saman bene suke so su kalli faɗuwar rana, mu kuma ga Magariba na matsowa. Kafin mu kai kasuwar Darajani, wadda ke nan tun 1904, masu kifi sun watse rabin rumfuna sun rufe, da ƙyar na samu mai kayan ƙamshi guda na auni kanumfari kilo biyu da kirfa da iliki a gurguje, ni da na so in yini ina taya kaya ina gwada na wanga da na wancan. Har yau ofishin nan ba su ce muna ku yi haƙuri ba, balle su mai do da ko sisi, Maigida ya rubuta masu sun karanta sun yi shiru.

Abin da ya rage na daren dai ya yi kyau. Tsohon garin lunguna ne matsattsu kamar cikin Kanwuri, mota ba ta shiga, ga ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Ya zaunar da mu kan wani dakali inda dattawa ke shan gahawa baƙa a 'yan finjalai ana haɗawa da kashata, kusan kwakumetinmu ce, wata kuma ta gyaɗa. Gaba kaɗan wata mata na zaune gaban tanda mai gurabu tana juya wani abu da tsinke, ni dai na tsaya nic ce Malam wagga ai masa ce. Vitumbua suke ce mata, ƙullun shinkafa ne da yis amma da madarar kwakwa da iliki da sukari, ba miya ba ƙuli, da shayi ake ci. Na durƙusa kusa da ita ba mu jin yaren juna, na nuna mata hoton tandar Inna a waya ta riƙe baki tana dariya ta ƙara man biyu kyauta.

Bayan Magariba munka fita filin Forodhani a bakin teku gaban tsohuwar ganuwa, masu abinci sun jera tebura da fitilu, hayaƙin gashi ya tashi ko'ina. Nan ma Malam ya yi muna rana, yac ce kada tulin jatan lande da kifin da anka jera ya ruɗe mu, da yawa an gasa tun ɗazu ɗumamawa kawai ake yi, mu ci abin da anka dafa a gabanmu kuma mu ji kuɗi kafin a zuba. Ya kai mu wurin mai urojo, wani romo ne mai kauri ruwan ɗorawa mai tsami-tsami, a zuba dankalin turawa da dafaffen ƙwai da bajiya mai kama da ƙosai da soyayyen rogo a barbaɗa a kai, shi ne abin da na fi so duk tafiyar, na sha kwano biyu. Abin da suke kira fizar Zanzibar kama yake da mutabbaƙ na Saudiyya, ya yi man maiƙo da yawa. Maigida ya ci pweza, halittar ruwan nan mai hannu takwas, na ɗanɗana yanki guda kamar ganda yake ban ƙara ba. Ruwan rake kuwa da ake matsewa a inji tare da citta da lemun tsami, ga rake cike da fadamunmu har yanzu ina mamakin mi ya hana a yi shi a kowace kwana ta Sakkwato. Tsirensu mishkaki ƙanana ne kuma tsirara ba ƙuli, sai ga Malam ya zaro robar yajina daga aljihu ya barbaɗa, ya miƙa ma mai gashin shi ma ya ɗanɗana, mutumin ya yi ta tari yana ɗaga man babban yatsa.

In za ku je, ku sa a rubuta maku ko ku kaɗai ne ko haɗaka, da ainihin abin da kuɗin ya ƙunsa, kada ku biya duka sai an gama, kuma kasuwa ku je da safe da kanku kada ku jira yawon yamma. Ofishin ba ni ba su ko biyu cikin biyar, Malam kuwa biyar ɗin duka tashi ce, kuma na so a ce kuɗin nan hannunshi ya shiga kai tsaye.

Da na dawo na kai ma Inna kanumfarin da hoton reshen, ta ɗauki guda ta kai kusa da ido tana juya shi, ta fasa ɗan kan da farce sai ga 'yan zararrakin furen a ciki busassu, tac ce ikon Allah, ta ƙulle shi a bakin zane. Wanda na auno ya fi na kasuwarmu mai, in ka danna farce sai ya yi danshi, rabin abin da na saba zubawa ya ishi turmi guda. Shekaranjiya Malam ya turo ma Maigida saƙo wai robar ta ƙare kuma matarshi na tambayar kimba, yanzu muna neman mai zuwa Darussalam da zai tafi mai da ita.